Labulen da Mama Ta Ja da Rana Tsaka

Drenthe, ƙarshen watan Agusta

Zuwa ga Yayana Cosimo,

Gaisuwa da girmamawa irin ta ƙanwa ga wanta. Ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta iske ka a kan ƙafafunka, kai da Rosalba da yara, ya kuma sassauta maka ciwon bayan nan da kake ɓoye wa kowa ban da matarka, ita kuwa ta riga ta faɗa mini. Mu nan da sauƙi. 'Yarmu Femke ta samu aiki a birni, tana zuwa ƙarshen mako da tulin wanki kamar a can babu ruwa. Maigidana Berend yana gaishe ka. Mama tana ci, tana barci, tana faɗa da kowa, wato lafiyarta lau. Ka riƙe wannan maganar da kyau, domin zan dawo kanta.

Na san za ka ce me ya hana ni buga waya. Abu biyu ne. Mama ba ta jin kira idan an ce ta sha magani, amma a ɗaga waya a wancan ɗakin, sai ka ga inuwarta a bakin ƙofa. Na biyu kuma kai ne, da ba ka barin mutum ya kai aya. To takarda dai ba ka da yadda za ka katse ta. Ka samu wuri ka zauna, ka karanta har ƙarshe, kuma don Allah ka ajiye dariyar nan taka sai ka gama.

Tun da muka binne Baba na ɗauko Mama, babu ranar da ƙasar nan ba ta ba ta haushi ba. Ni na daɗe har na manta abin da ke ba baƙo mamaki, sai da ta zo ta riƙa nuna mini da yatsa. Ranar da maƙwabciyarmu Jantina ta gayyace mu shan gahawa, ta buɗe gwangwanin biskit ta zagaya da shi, kowa ya ɗauki guda, ta mayar da murfi ta ɗora a kan kabad. Mama ta bi gwangwanin nan da ido har ya zauna, sannan ta tambaye ni da harshenmu wai ko yaƙi bai ƙare ba ne a nan. Ta murza musu taliya da hannunta ta aika, suka dawo mata da kwano a wanke tas, ko ƙwai ɗaya babu a ciki. Ta ce a garinmu wanda ya mayar maka da kwano wayam ya ce ne kada ka sake. Na yi bayani har na gaji, cewa a nan wanke kwanon shi ne godiyar. Ta ce in rabu da ita, mutanen da sai sun duba kalanda kafin su shiga gidan maƙwabci, su kuma ci abincin dare rana tana sama kamar kaji, ba ta ga abin da za ta koya a wurinsu ba.

Amma abin da ya fi ci mata rai shi ne tagogi. Ka tuna da ka zo bikina, kana tafiya a layinmu kana sunkuyar da kai don kunya? To har yau haka suke, manya-manya, labule a ɗaure a gefe don ado kawai. Mai wucewa yana iya ganin abin da ke cikin kwanonka, kuma ba zai kalla ba. Kai ba ka ɓoyewa, shi ba ya leƙe, ladabin ke nan. Mama ta ce an jera mu kamar takalma a shago. Na gargaɗe ta kada ta taɓa labulen, na ce mutane za su ɗauka muna da abin ɓoyewa, ta ce ai muna da shi, duk gidan mutunci yana da shi. Akwai wani dalilin da ya fi wannan girma, amma ban ambata mata ba, domin lokacin Berend bai daɗe da fitowa daga aikin zuciya ba, kuma ba wanda ke son kiran sunan mutuwa a gidan da ake jinya.

Ita da Berend kuwa ka san su. Shi yana kiran ta Janar, ita tana kiran sa Dogo, kuma da guntun harshenmu da ya iya suke tafka rigimarsu daga safe har yamma. Ya ajiye hularsa a kan gado, ta yi kururuwa ta fizge ta, domin fada, wato limamin coci, shi ne ke ajiye hula a kan gado idan ya zo yi wa mai gargara addu'ar ƙarshe. Ya kife burodi a kan tebur, ta juya shi ta sumbace shi. Ta sa muka ja gadonsa don kada ƙafafunsa su dubi ƙofa, wai gawa ce ake fitarwa ƙafa a gaba. Shi kuma sai ya yi ta dariya yana riƙe da ƙirji, yana cewa, “Janar, mu nan ba mu da camfi, agogo gare mu da inshora.” Duk da haka ita ce ke tashi ta dafa masa romo, ita ke tsare shi ya yi ƙailula, kuma ranar da ya fara iya takawa zuwa wurin ƙudan zumarsa, ita ta riƙe masa hannu tana zaginsa a hanya. Amyoyin nan da ke ƙarshen lambu na mahaifinsa ne, kuma tun da na san shi bai taɓa sa safar hannu ko rufe fuska ba idan zai buɗe su. Cewa yake sun san shi.

To, ranar da abin ya faru wata Talata ce a watan Yuli, an yi zafi irin wanda ƙasar nan ba ta saba da shi ba. Ni ina wurin aiki a gidan burodi na garin da ke gaba. Berend ya sha maganinsa ya hau bene ya kwanta, maganin kuwa idan ya kama shi ko ganga aka buga ba ya motsi. Mama ta dubi rana, ta yi abin da kowace mace mai hankali take yi a garinmu idan rana ta take: ta bi tagogi ɗaya bayan ɗaya, sama da ƙasa, ta ja labule ta rufe gidan ruf don ya yi sanyi. Sannan ta ɗauki kujera ta zauna a bakin ƙofa cikin baƙaƙen kayanta na takabar Baba da har yau ba ta ajiye ba, da carbi a hannu. Yaya, a ƙauyen nan gida ba ya rufe labule da rana sai an yi mutuwa a cikinsa. Shi ne sanarwar, babu wata.

Jantina ce ta fara gani. Ta tsallako titi ta tsaya a gaban Mama, ta tambaye ta da harshensu ko Berend ne. Mama sunan kawai ta gane. Sai ta gyaɗa kai, ta haɗa tafin hannunta ta ɗora kunci a kai, ta rufe ido, ta nuna sama da yatsa, sannan ta ɗora yatsan a baki. Ita tana nufin yana bene yana barci, a yi shiru. Kai ka faɗa mini abin da za ka fahimta in kai ne Jantina.

Mutanen nan da Mama ke cewa ba su da zuciya, akwai abu ɗaya da ba sa wasa da shi, shi ne haƙƙin maƙwabci a kan gawa. Dangi kuka kawai ne aikinsu, komai maƙwabta ke yi, kuma kowa ya san nasa tun kafin a haife shi. Kafin ka ce me, an bi gida-gida an faɗa, an aika wa mai kaɗa ƙararrawar coci, an tura wani a mota ya ɗauko ni, muka yi saɓani da shi domin na riga na tashi daga aiki na biyo hanyar keke ta cikin jeji. Mata suka sa kaya masu duhu suka shigo, aka tsayar da agogon bango, aka ɗora ruwan gahawa. Suka nemi hawa bene su shirya shi, Mama ta zauna daram a kan matakalar farko ta baza hannu, wai kada a tashe shi. Su kuma suka ɗauka al'adarmu ce ba a taɓa mamaci sai matarsa ta iso, suka girmama, suka koma suka zauna. Mama kuwa murna ce ta cika ta. Daga baya ta ce mini ta ɗauka yau dai Allah ya shirye su, sun zo gaishe ta ba tare da kalanda ba, har da kwalliya. Ta bi su ɗaya-ɗaya tana sumbata, hawaye na zubo mata, ta fito da duk abin da ta toya ta jibge a gabansu.

Ina tsakiyar jeji na ji ƙararrawa. A nan ƙararrawar biyu ce, idan namiji ne ya mutu babbar ke fara magana, idan mace ce ƙaramar. Babbar ce. Na ce a raina wayyo, ko wane tsohon ne zafi ya ɗauke. Na shigo layinmu, maza biyu da ke tsaye suka cire huluna, na ɗaga kai na ga gidana a rufe, kowace taga. Cosimo, ban san yadda na sauka daga keken ba. Na shiga, daga hasken rana zuwa duhu, ba na ganin komai sai fararen fuskoki a zagaye da bango, ba ƙarar agogo, sai ƙararrawar da ke shigowa ta cikin labule. Jantina ta taso ta riƙe mini hannu biyu. Na buɗe baki ke nan zan yi ihu, sai matakala ta yi ƙara daga sama. Muka ɗaga kai. Ga Berend yana saukowa a hankali cikin farar rigar barci, ba takalmi, fuskarsa fari fat, yana bin bango da hannu. Da a garinmu ne da an ji kururuwa har bakin teku. A nan ko cokali bai faɗi ba. Suka dube shi, ya dube su, ƙararrawa tana ta yi. Can sai Jantina ta sake ni, ta gyara wuyan rigarta, ta ce, “To, Berend. Za ka sha gahawa?”

Na san yanzu kana dariya, yi abinka, garin ma an yi ta. An buɗe labule, an tayar da agogo, an ruga an tsayar da mai ƙararrawa. Mako guda ba a yi wata hira ba. A shago ana ce masa Marigayi, ana tambayarsa ya lahira, ko can ma ana biyan haraji. Shi ma yana tayawa. Sai da kwana ya ɗan ja, Egbert mijin Jantina ya zo yana murza hularsa a hannu, ya ce akwai abu ɗaya da bai faɗa ba. Shi nasa aikin a ranar mutuwa shi ne faɗa wa ƙudan zuma, domin in ba a faɗa musu ba sukan tashi su bar gidan. Kuma ya riga ya faɗa. Ya bi amyoyin yana ƙwanƙwasawa, ya ce musu maigidanku ya tafi, ku zauna, matarsa ce mai ku yanzu, ya ɗaura wa kowace baƙin ƙyalle. Berend ya yi dariya ya ce to sai me, ya tafi ya kwance ƙyallayen da kansa. Bai kai ga ta uku ba suka taso masa. Mutumin da suka yi shekara da shekaru suna tafiya a kan fatarsa, ranar sai da muka kira likita, fuska a kumbure, numfashi da ƙyar.

Na ce wa Egbert ya je ya warware abin da ya ƙulla. Ya sosa ƙeya, ya ce shi kakansa ya koya masa maganar da ake yi musu idan an yi mutuwa, da ta aure, da ta sayarwa, amma ta wanda ya dawo babu, domin ba a taɓa samun wanda ya dawo ba. Duk da haka ya gwada, ya je ya ƙwanƙwasa ya ce musu ashe dai bai mutu ba, a yi haƙuri. Suka bi shi har cikin kwata. Ni kuwa da na fi kowa tsoronsu, in na fita shanya sai su zo su sauka a hannun rigata, su yi ta yawo a wuyana, ba mai harbi. Berend kuma yana kallona ta taga.

Daga nan ya fara lalacewa. Likita ya auna ya ce zuciya lau, ɗinki lau, jini lau, amma mutum yana ta zubewa. Ya daina gardama da Mama, wanda shi ne ya fi tayar mini da hankali. Ya ba Egbert zartonsa, ya ba wani tsaninsa, ya wuni a kujera yana kallon ƙarshen lambu. Wata rana da hantsi na matsa masa da tambaya, sai ya ce mini ai ranar nan ya daɗe a tsaye a saman matakala cikin duhu kafin ya sauko. Da maganin ya sake shi ƙararrawa ya fara ji, ya kwanta yana tunanin wane ne, ya fito ya ji ana raɗa ana raba wanda zai ɗauki gaban akwatin gawa da wanda zai ɗauki baya, ana cewa mutumin kirki ne, bai taɓa cutar kowa ba. Ya ce, “Duk alheri suka faɗa, Nunzia, ba abin da za a ƙara. An gama da ni, kuma an gama da kyau. Ni ne kawai ban tafi ba.” Na ce masa ya rufe mini baki, shi da ya ce ba shi da camfi. Ya ce ai ba shi ne ya yarda ba, su ne suka yarda, ya nuna amyoyin da haɓa. Na shiga ban-ɗaki na yi kuka kamar raina zai fita, domin na ga mijina yana tafiya a kan idona, babu kuma cutar da zan kama in kai wa likita.

Mama duk tana gani. Tun da ta fahimci abin da hannunta ya jawo, ta shiga neman yadda za ta gyara. Ta zaunar da Berend, ta riƙe faranti da ruwa a kan kansa, ta ɗiga man zaitun kamar yadda kaka ke yi mana idan ana zargin mugun ido ya kama mu. Man ya zauna dunƙule, bai watse ba. Ta daɗe tana kallon man, sannan ta ce mini ba ido ba ne, kira ne. Wai an kira mutuwa gidan nan da babbar murya, ta kuma taso, sai dai ta ƙasar nan ma mai ladabi ce irin mutanenta, ba ta faɗowa gida haka kawai, tana bakin ƙofa tana jira a ba ta rana. Na ce, haba Mama, wannan wace irin magana ce a bakin mai zuwa coci. Ta ce ita ta ga yadda gida yake komawa idan namiji ya fita daga cikinsa, kuma 'yarta ba za ta gani da sauran ƙuruciyarta ba saboda labulen da ita ta ja.

Washegari na shiga gyara ɗakinta na tarar ta ja gadonta ita kaɗai, ƙafa tana duban ƙofa. A kan shimfiɗa ga tsohuwar hular Baba da ta zo da ita a akwati. Da muka zauna cin abinci ta ɗauki burodin gabanta ta kife shi, ta bar shi a haka, tana cin miyarta hankali kwance. Matar da ta mare ka saboda ka buɗe lema a cikin ɗaki! Na juya burodin, ta sake kifewa. Na ɗauke hular, na dawo na same ta a wurin. Muka yi faɗa irin wanda ba mu yi ba tun ina budurwa, na ce zan kira fada, ta ce in kira, dama tana son ganinsa.

Ranar Lahadin da ta wuce, bayan abincin rana, na neme ta na rasa. Na leƙa lambu na hango ta a gaban amyoyin, ba ta rufe komai ba, da makullin gida a hannu. Na lallaɓa na tsaya bayan shinge. Tana bin su tana ƙwanƙwasawa da makullin, tana yi musu magana da harshen ƙauyenmu, da muryar da take yi wa kaji. Ta ce musu wancan mutumin ya kawo muku saƙo, amma ya yi kuskuren suna. Maigidanku yana nan, ku bar shi ya yi aikinsa. Baƙuwar ce mai tafiya, Filomena, 'yar Vito mai jaki, matar marigayi Donato, uwar Cosimo da Nunzia. Haka ta jero mu duka, kamar yadda ake karantawa a coci. Ta yage bakin ɗankwalinta ta ɗaura wa kowace amya. Ƙudan suka fito, Yaya, suka rufe mata hannuwa da kafaɗu har ba ka ganin baƙar rigar, kuma ba irin kukan nan nasu na fushi, wani gunji ne ƙasa-ƙasa da na ji shi har cikin haƙorana. Da ta gama sai suka tashi suka koma, ta juyo ta gan ni, ta ce me nake yi a tsaye kamar gunki, in je in ɗora ruwa.

Da safe Berend ya sauko ya ce yunwa yake ji. Ya ci ƙwai, ya nemi ƙari, ya kalli Mama ya ce Janar, gishirinki ya yi yawa, ta ce bakinsa ne ya lalace. Ya tashi ya nufi ƙarshen lambu. Na bi shi da gudu ina kira. Ya buɗe amya da hannunsa tsirara, suka hau shi suna yawo kamar da, ko ɗaya bai harbe shi ba. Ya juyo yana dariya, hawaye a fuskarsa. Ba zan ɓoye maka ba, na yi murna, murnar da ta sa na durƙusa a kan ciyawa ina gode wa Allah. Sai da na ɗaga kai na ga Mama a tagar ɗakinta tana kallonmu tana gyaɗa kai, ƙudan zuma kuma sun taru a jikin gilashin ta waje, daidai fuskarta. Tun ranar kullum suna wurin. Berend ya ce furen da ke ƙarƙashin tagar suke bi. Ni na shuka lambun nan, babu fure a wurin.

Na kai ta wurin likita da ƙarfin tsiya, ya ce zuciyarta ta fi tawa. To amma ka ji abin da take yi. Ta sauke labulen gidan duka ta wanke ta goge, ta mayar, ta shafa wa ƙarfen da suke gudu a kai man zaitun, ta kira ni ta nuna mini yadda yanzu da yatsa ɗaya ma sai su ja. Ita kuwa ba ta ƙara rufe ko na ɗakinta ba, tana zaune a gaban taga tana ɗaga wa masu wucewa hannu. Shekaranjiya kuma aka ƙwanƙwasa ƙofa, na buɗe na ga Jantina, ba sanarwa, ba kalanda. Ta shigo da kwanon Mama cike da tuffa daga bishiyarsu, da gwangwanin biskit ɗin nan a hammata. Ta ajiye shi a gaban Mama, ta buɗe, ta ɗora murfin a gefe, ba ta mayar ba. Suka zauna suna ci, wannan na yi da harshenta, waccan na yi da nata, suna gyaɗa wa juna kai. Da na raka ta bakin ƙofa sai ta ce mini maƙwabta sun zauna sun yi shawara, sun yarda Mama tasu ce, ba baƙuwa ba, za a yi mata duk abin da ake yi wa ɗan layi, Egbert ne zai riƙe gaba. Raina ya ɓaci, na ce mata uwata lafiyarta ƙalau, wa ya aike su. Ta ce ta sani, Mama ce ta tambaya. Na ce da wane bakin, ku da ba ku jin maganar juna? Ta dube ni ta ce, “Wannan karon na gane ta.”

Shi ya sa na rubuto. Wataƙila duk shirme ne, zafi ne da tsufa da tsoro, kuma baɗi war haka za mu zauna ka yi ta tsokanata. Ina fatan haka fiye da komai. Amma shekara nawa rabonka da ita, kullum sai an rufe makaranta, sai an gama kaza. Jiya tana murza taliya ta ce mini, ba tare da ta ɗago ba, in rubuta wa Cosimo ya zo ya ci abincinta da zafinsa. Ka zo, Yaya. Kada ka jira bikin Kirsimeti, kada ka tsaya amsa takardar nan ma.

Ka gaishe mini da Rosalba, ka ce na gode da hotuna. Ka gaishe da Tonino da Graziella da jaririnta, da gwaggo Addolorata in har yanzu tana gane mutane. Femke tana gaishe ku, Berend ya ce ya ajiye maka zumar bana. Idan motar haya ta sauke ka a bakin layinmu, kada ka sunkuyar da kai irin na wancan zuwan. Ka ɗaga ido ka dubi gidanmu tun daga nesa. Yanzun nan da nake rubutu, tagogin duk a buɗe suke.

Ƙanwarka da ke duban hanya,
Nunzia